Wuƙa da Alƙalami: Tarihin Wallafa Binciken Tiyatar Gyaran Jiki

Tiyatar gyaran jiki reshe ne na aikin fiɗa da ya shafi mayar da siffa da amfanin gaɓar da ta lalace, ko dai sanadiyyar ƙuna, ko rauni, ko ciwon daji, ko nakasar da aka haifi mutum da ita irin tsagewar leɓe da ganɗa, kuma a ƙarƙashinta ne ake samun tiyatar kwaskwarima, wato wadda ake yi wa lafiyayyen jiki domin ƙarin kyau. Sana'ar tana da tarihi iri biyu waɗanda ba kullum suke tafiya tare ba, na aikin hannu da na rubutu, kuma wanda ya bi diddiginsu zai tarar cewa sau da yawa ba wanda ya fara aiwatar da wata dabara ake jingina wa ita ba, sai dai wanda ya rubuta ta cikin harshen da likitocin zamaninsa suke karantawa. Saboda haka sauye-sauyen da aka gani game da ƙasashen da suke kan gaba wajen wallafa bincike a wannan fanni sun fi bin sawun yaƙi da arziki da rinjayen harshe fiye da yadda suka bi yawan masu buƙatar aikin.

Rubutu mafi daɗewa da ya yi bayanin gyaran hanci dalla-dalla shi ne littafin Sushruta na ƙasar Indiya, wanda aka rubuta cikin harshen Sanskirit ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Musulunci, inda aka nuna yadda ake auna girman hancin da ganye, sannan a yanko fatar kunci a juyo da ita ba tare da an raba ta da jiki baki ɗaya ba. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, sannan wajen shekara ta 1000 Abul Ƙasim al-Zahrawi na Andalus ya keɓe babi na talatin na littafinsa al-Tasrif ga aikin fiɗa, babin da aka mayar da shi harshen Latin a birnin Toledo a ƙarni na 12, ya zama abin karatu a makarantun likitanci na Turai tsawon ƙarnoni.

A ƙarni na 15 wasu iyalai a kudancin Italiya, gidan Branca a birnin Catania na tsibirin Sisili da kuma, daga baya, gidan Vianeo a yankin Calabria, sun yi suna wajen gyara hancin da aka gutsure, amma sun riƙe aikin a matsayin sirrin gida da ake gada daga uba zuwa ɗa, kamar yadda wanzamai da maɗora suke riƙe nasu a ƙasar Hausa, don haka ba su bar littafi ba. Wani likitan soja Bajamushe, Heinrich von Pfolspeundt, ya rubuta bayanin dabarar tun 1460, sai dai rubutun hannunsa ya kwanta ba a buga shi ba har 1868. Wanda ya kwashe sunan shi ne Gaspare Tagliacozzi, malamin fiɗa a jami'ar Bologna, wanda ya buga littafinsa De Curtorum Chirurgia per Insitionem a birnin Benis a 1597 cikin harshen Latin, tare da zane-zanen da suka nuna yadda ake ɗaure dantsen majiyyaci a jikin kansa na tsawon makonni har fatar dantsen ta kama a kan hanci kafin a yanke ta. Bugawar ma ba ta tsare dabarar daga ɓacewa ba, domin bayan rasuwarsa a 1599 likitoci suka yi watsi da ita, jita-jita ta bazu cewa daga jikin bawa ake ɗebo fatar kuma hancin yakan faɗi ranar da bawan ya mutu, har aka shafe kusan shekara ɗari biyu ana ɗaukar aikin a matsayin almara.

Abin da ya farfaɗo da sana'ar a Turai wata wasiƙa ce da ta fito a watan Oktoba na 1794 a Gentleman's Magazine, mujallar Landan ta labarai da nishaɗi wadda ba ta da alaƙa da likitanci, kuma marubucin bai sa cikakken sunansa ba sai haruffa biyu, B. L. Wasiƙar ta ba da labarin wani mai kora shanun kaya na rundunar Ingila mai suna Cowasjee, wanda sojojin Tipu Sultan, sarkin Maisur, suka kama a yaƙin 1792 suka yanke masa hanci da hannu ɗaya, daga baya wani mutum daga zuriyar masu yin tubali a kusa da Puna ya yi masa sabon hanci. An bayyana yadda gwanin yakan siffanta hancin da kakin zuma, ya baje kakin a goshi ya zana iyakarsa, ya yanko fatar goshin ya bar siririn ɓangarenta a tsakanin idanu domin jini ya ci gaba da gudana, ya murɗo ta ƙasa ya dasa, sannan ya yanke mahaɗin bayan kimanin kwana 25. Wannan shi ne abin da likitoci suke nufi da fata mai uwa, wato wadda aka matsar da ita wani wuri tana haɗe da jijiyoyin jininta, saɓanin dashen fata zalla wanda ake cirewa ɗungurungum. An buga sunan majiyyacin, an buga sunayen likitocin Ingila biyu da suka kalli irin wannan aiki, amma sunan mai aikin bai shiga rubutu ba, kuma wannan giɓi ya zama tsari da ya yi ta maimaituwa. Joseph Carpue, wani likitan fiɗa a Landan, ya yi nazarin rahoton, ya gwada a kan gawawwaki, ya yi wa wani hafsan soja aikin a 1814 ba tare da maganin sa barci ba, domin sai a 1846 aka fara amfani da shi, sannan ya buga ɗan littafi a kan majiyyata biyu a 1816.

Daga nan ragamar rubutu ta koma hannun Jamusawa har ƙarshen ƙarni na 19. Carl Ferdinand von Graefe ya buga Rhinoplastik a Berlin a 1818, Johann Friedrich Dieffenbach ya biyo baya da jerin rubuce-rubuce a kan gyaran hanci da leɓe da fatar ido, Eduard Zeis kuma ya fitar da littafin jagora na fannin baki ɗaya a 1838. Zeis ɗin ne ya fara ɗaukar rubuce-rubucen kansu a matsayin abin nazari, domin a 1863 ya buga fihirisa, wato jerin sunayen littattafai da maƙalu bisa tsari, mai ɗauke da ayyuka fiye da dubu biyu tun daga zamanin da, kuma ana iya cewa daga gare shi ne ƙidayar wallafe-wallafen wannan sana'a ta samo asali. A daidai wannan zamani dashen fata ya kankama ta hanyar rahotannin Jacques Reverdin a Faris a 1869, da Carl Thiersch a Leipzig a 1874, da John Wolfe a Glasgow a 1875, kowanne cikin harshen ƙasar da yake aiki, abin da ya wajabta wa duk likitan da yake son sanin halin da ake ciki ya iya Jamusanci da Faransanci da Ingilishi.

Ba kowa ne ya iya su duka ba, kuma asarar da hakan ta jawo tana da girma. Carl Manchot, ɗalibin likitanci a Strasbourg, ya buga taswirar jijiyoyin jinin da suke ciyar da fatar ɗan Adam a 1889, Michel Salmon na Marseille kuma ya zurfafa binciken a 1936 ta hanyar ɗura wa jijiyoyin gawa sinadarin da hoton ƙashi yake nunawa, amma likitocin fiɗa suka ci gaba da yanka fata bisa ƙa'idar lissafin tsawo da faɗi, kamar ba a san inda jijiyoyin suke ba. Sai a 1983 aka fassara Manchot zuwa Ingilishi, Salmon kuma a 1988, lokacin da Ian Taylor na Melbourne da abokan aikinsa suka riga suka yi nisa wajen sake gano abin da ke cikinsu. Haka nan Iginio Tansini na Italiya ya bayyana a 1906 yadda ake rufe ƙirjin da aka cire wa nono da faffaɗar tsokar baya tare da fatarta, aka manta da aikin har aka sake bayyana shi a shekarun 1970.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mayar da gyaran fuska sana'a mai zaman kanta, saboda faɗan ramuka ya bar dubban samari da muƙamuƙi da hanci a farfashe. Harold Gillies, haifaffen New Zealand, ya jagoranci asibitin Queen's da aka buɗe a Sidcup kusa da Landan a 1917, inda aka yi wa mutum fiye da 5,000 aiki, kuma ya tsaya kan a adana hoto da zane da bayanin kowane majiyyaci, abin da ya ba shi damar buga Plastic Surgery of the Face a 1920. A nan ma rinjayen harshe ya yi aikinsa. Dabarar naɗe fata kamar bututu domin kare ta daga ruɓewa yayin da ake matsar da ita mataki-mataki zuwa fuska ta shahara da sunan Gillies, alhali Vladimir Filatov, likitan ido a Odessa, ya riga shi yin ta a 1916 ya kuma buga ta a 1917 cikin wata mujallar Rasha ta likitocin ido, a shekarar juyin juya hali, lokacin da babu mai bibiyar mujallun Rasha a yammacin Turai. Babu hujjar cewa ɗaya ya kwafa daga ɗaya. Abin lura shi ne wanda duniya ta ji.

Mujalla ta farko da aka keɓe wa fannin ita ce Revue de Chirurgie Plastique, wadda Maurice Coelst ya kafa a Brussels ta ƙasar Beljiyam a 1931, kuma tana karɓar maƙalu daga ƙasashe da harsuna daban-daban, sai dai ba ta tsallake jajibirin Yaƙin Duniya na Biyu ba. Yaƙin ya rusa cibiyoyin Jamus da Austiriya, mulkin Nazi kuma ya riga ya kori likitoci Yahudawa daga jami'o'i, yayin da Amurka ta fito daga yaƙin da asibitoci da kuɗin bincike da tsarin horar da ƙwararru. Ƙungiyar likitocin fannin ta Amurka, wadda Jacques Maliniac da Gustave Aufricht, dukansu baƙi daga Turai, suka assasa a 1931, ta fara fitar da mujallar Plastic and Reconstructive Surgery a 1946, takwararta ta Birtaniya kuma ta fara British Journal of Plastic Surgery a 1948. Tun daga lokacin waɗannan mujallu biyu suka zama dandalin da ake tabbatar da sabuwar dabara, ko da a wani wuri aka ƙirƙiro ta: aikin Paul Tessier na Faransa a kan gyaran ƙasusuwan fuska da ƙoƙon kai, wanda ya gabatar a taron Rum a 1967, da dabarar Yves-Gérard Illouz ta zuƙe kitse, da ayyukan Ivo Pitanguy na Barazil, duk sun game duniya ne bayan sun bayyana cikin Ingilishi. Alexander Limberg, wanda ya tsara lissafin matsar da fata yana cikin ƙawanyar da aka yi wa Leningrad ya kuma buga shi a 1946, bai sami cikakkiyar fassarar babban littafinsa ba sai 1984.

Babban sauyi na gaba, wanda gabashin Asiya ya yi fice a cikinsa, ya zo ne tare da tiyatar madubi, wato ɗinke jijiyoyin jini da ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, dabarar da ta ba da damar a ciro fata ko tsoka ko ƙashi daga wani sashe na jiki a dasa a wani wuri mai nisa cikin aiki ɗaya. A 1963 Chen Zhongwei ya mayar wa wani ma'aikacin masana'anta hannunsa da inji ya datse a Asibitin Jama'a na Shida da ke Shanghai, a 1965 Shigeo Komatsu da Susumu Tamai suka mayar da babban yatsa a Nara ta Japan, rahoton da ya fito a mujallar Amurka a 1968, sannan Rollin Daniel da Ian Taylor suka buga nasarar dasa fata mai jijiya daga makwankwaso zuwa ƙafa a 1973. Likitocin ƙasar Sin sun tara ƙwarewa mai yawa a shekarun da ƙasarsu take rufe, saboda yawan haɗurran masana'antu da ƙuna, amma kaɗan ne daga ciki ya fita waje. Yang Guofan da abokansa a asibitin soja na Shenyang sun buga dabarar amfani da fatar sangalin hannu tare da jijiyarta a 1981 cikin Sinanci, kuma likitocin Turai da suka kai ziyara ne suka ɗauko ta suka yaɗa, har ta shahara da laƙabin fatar Sin maimakon sunan mai ita. Darasin bai wuce su ba: a 1984 Song Yeguang ya aika da bayanin fatar gefen cinya kai tsaye ga mujallar Birtaniya, Isao Koshima na Japan ya yi haka a 1989 da dabarar ɗebo fatar ciki ba tare da an taɓa tsokarta ba, Fu-Chan Wei na asibitin Chang Gung a Taiwan kuma ya buga sakamakon aiki 672 da fatar cinya a 2002, adadin da ya sa likitocin Yamma suka fara tafiya Taiwan neman horo.

Ba ƙwarewa kaɗai ce ta ƙara yawan maƙalun Asiya da Turkiyya da Barazil a mujallun Ingilishi ba, har da sauyin yadda jami'o'i suke auna malamansu. Eugene Garfield ya kafa fihirisar ambato a 1964, wadda take bin sawun wace maƙala ce ta kafa hujja da wacce, daga ita kuma aka fitar da ma'aunin tasiri, wato matsakaicin yawan ambaton da maƙalun wata mujalla na shekara biyu da suka gabata suka samu a cikin shekara guda. An ƙirƙiro ma'aunin ne domin taimaka wa ɗakunan karatu wajen zaɓen mujallun da za su saya, amma ya rikiɗe ya zama sharaɗin ƙarin girma da samun kuɗin bincike a ƙasashe da dama. Turkiyya ta ɗaura matsayin malaman jami'a da wallafa a mujallun duniya, jami'o'in Sin suka riƙa ba da ladan kuɗi a kan kowace maƙala har hukumomin ƙasar suka ja musu birki a 2020, mujallar likitocin fannin ta Koriya ta Kudu kuma ta sauya suna zuwa Archives of Plastic Surgery ta koma Ingilishi zalla a 2012. Mujallar Birtaniya ma ta cire sunan ƙasarta daga bangonta a 2006 ta zama Journal of Plastic, Reconstructive and Aesthetic Surgery, domin marubutanta sun daɗe da wuce iyakar tsibirin. Ƙididdigar da ake yi lokaci-lokaci tana ci gaba da nuna Amurka a kan gaba da tazara mai faɗi, Birtaniya da Sin da Japan da Koriya ta Kudu da Turkiyya da wasu ƙasashen Turai suna biye, kodayake irin wannan ƙididdiga mujallun da ke cikin fihirisar kawai take gani, kuma mafi yawansu na Ingilishi ne, don haka abin da take aunawa shi ne shiga wannan da'ira, ba yawan aikin da ake yi a ɗakunan tiyata ba.

Yawa kuma daban, inganci daban. Fannin ya daɗe yana dogara da rahoton majiyyaci ɗaya ko jerin majiyyatan likita ɗaya tare da hotunan kafin aiki da bayansa, kuma likita ba ya cika buga hoton aikin da ya ɓaci. Wannan ne ya sa mujallar Amurka ta fara liƙa wa maƙalun asibiti alamar matakin hujja a 2011, daga mataki na ɗaya, wato gwajin da aka raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, zuwa na biyar, wato ra'ayin gwani. A 2013 ta buɗe 'yar'uwarta ta intanet wadda kowa zai karanta kyauta, tsarin da ya sauƙaƙa wa mai karatu a ƙasashe matalauta amma ya ɗora kuɗin bugawa a kan marubuci, kuɗin da sau da yawa yakan zarce albashin likitan gwamnati na wata da watanni idan ba a yafe masa ba.

Afirka kudu da Sahara ce ta fi kowane yanki ƙarancin kaso a wannan taskar rubutu, alhali hukumar binciken da mujallar Lancet ta kafa ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan 5 ne a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da sauƙin kuɗi, kuma ƙuna da tsagewar leɓe da raunin haɗarin mota suna cikin manyan buƙatun da ba a biya ba. Cutar noma, wadda take farawa daga dasashin yaro mai tamowa ta zaizaye kunci da leɓe da hanci cikin 'yan kwanaki, ita ce ta fi fito da wannan giɓi a fili, kuma ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Littattafan Turai na ƙarni na 18 da na 19 sun yi rubutu a kanta sosai lokacin da take kashe 'ya'yan talakawansu, amma da abinci da tsafta suka kawar da ita daga can sai alƙaluma suka ɗauke. Michael Tempest ya buga nazari mai faɗi a kan majiyyatan Badun a 1966, J. O. Oluwasanmi, ɗaya daga cikin ƙwararrun Nijeriya na farko a fannin, ya fitar da littafi a kan tiyatar gyaran jiki a ƙasashe masu zafi a 1979, Cyril Enwonwu kuma ya shafe shekaru yana bincike a kan dangantakar cutar da yunwa da ƙyanda. Sai dai mafi yawan rubuce-rubucen da suka shafi dabarun gyaran fuskar waɗanda suka rayu sun fito ne daga likitocin Turai masu zuwa aiki na 'yan makonni: Denys Montandon na Janeba, wanda ya yi aiki da gidauniyar Sentinelles mai reshe a Damagaram, da Klaas Marck na Holan, wanda tsarinsa na rarraba raunukan noma bisa sassan fuskar da suka lalace ya fito daga aikin da aka yi a Sakkwato, inda aka buɗe asibitin yara masu cutar a 1999.

Tun daga 2014, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa wa asibitin na Sakkwato, an sami ƙarin maƙalu da sunayen likitoci da ma'aikatan jinya na asibitin suke cikin marubutansu, kuma batutuwan sun faɗaɗa daga dabarun ɗinki zuwa yawan masu cutar a ƙauyukan Sakkwato da Kebbi, da rawar masu maganin gargajiya waɗanda su ne iyaye suke fara kai wa yara, da halin da majiyyata suke ciki bayan an sallame su. Irin waɗannan bayanai suna cikin hujjojin da gwamnatin Nijeriya ta tattara ta miƙa wa Hukumar Lafiya ta Duniya a watan Janairu na 2023, hukumar da ƙiyasinta na 1998, na sababbin masu kamuwa 140,000 a shekara, shi ne har yanzu ake ambata saboda rashin sabo, kuma a watan Disamba na 2023 ta sanya noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.